Ba a Kunna wa Kango Fitila

Merv Zadow bai taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa ba, haka matarsa Glenys, haka duk wanda aka yanke wa cibi a Tindara. Mu nan watan Kirsimeti watan yankan alkama ne. Rana takan daki kwanon rufi har ya riƙa ƙara, ƙuda kuwa in ka yi hamma ba ka rufe baki ba sai ka haɗiye biyu. Amma duk ranar ɗaya ga Disamba, garin Tindara yakan kwanta fari fat a kan wani dogon tebur a falon Merv, kowane gida bai fi gwangwanin shayi ba, kowanne da 'yar fitilarsa a ciki.

Glenys ce ta jawo abin. Shekarar da suka yi aure ta tafi birnin Adelaide cire haƙori, ta dawo da haƙorinta a baki, da wasu 'yan gidaje uku na tangaran a jaka, rufinsu tsololo, an shafe su da fari. Merv ya juya ɗaya a hannu, ya leƙa ƙasansa, ya leƙa bayansa.

“Wannan garin su wa ne?”

“Garin Kirsimeti mana.”

“To ina tankin ruwansu? Me suke sha?”

“Kai dai ba ka san abu mai kyau ba.”

“Na san gida in na gan shi. Wannan ko kaza aka sa a ciki sai ta nemi a sake mata.”

Daga nan ya shiga rumfar kayan aikinsa. A rumbun alkama na bakin layin dogo yake aiki, yana zuba wa injuna mai, hannunsa kamar faranti, amma ya iya ƙaramin abu. Da kwali da tsinken ashana da gwangwanin madara ya fara gina nasu gidan, da tankinsa, da bayan-gidansa can ƙarshen fili. Maƙwabta suka gani, kowa ya ce ina nawa. Kafin a yaye 'yarsu Raelene, gari ya tashi kaf a kan tebur: coci, makaranta, mashaya, rumbu, tasha, da gidaje talatin da wani abu. Gidajen tangaran ɗin nan uku kuwa aka mayar da su kan kabad, nan suka yi ta shan ƙura.

Abu ɗaya Glenys ta kafe a kai, sai an sa ƙanƙara. Auduga kusa da fitila a watan gobara ba mai hankalin da zai yi, sai ta ɗauki bokiti ta nufi tafkin gishiri da ke bayan gari, ta kankaro, ta daka, ta barbaɗe rufi da titi. Ya yi kyau, ba ƙarya. Sai dai gishiri ba ya zama lafiya da waya. Duk shekara sai Merv ya kwanta a ƙarƙashin tebur yana kankare tsatsa yana gunaguni, ita kuwa tana tsaye a kansa da kofin shayi tana cewa ai motsa jiki ne.

Wayar kuwa irin ta dā ce, guda ɗaya tal, ta shiga wannan gida ta fita ta shiga na gaba, kamar zare a cikin duwatsun wuya. In ƙwan fitila ɗaya ya mutu, gari duka ya mutu. Wutar tana fitowa daga wani baƙin akwati na jirgin ƙasan wasan yara, mai maɓallin da ake murɗawa a ƙara ko a rage. Kuma da yake a watan nan rana ba ta da niyyar faɗuwa da wuri, yara kuma ba sa jira, sai Merv ya toshe tagogin falo da buhunan gashin tumaki tun la'asar. A shigo a cunkushe cikin duhu da zufa da warin tunkiya, a yi tsit, ya danna makunni. Babu wanda ya taɓa tsayawa a falon nan bai nemi gidansu da ido ba, har fasto.

Gishirin da Glenys ke ɗebowa da bokiti shi ne dai ya fara tasowa a gonaki ba tare da an aike shi ba. Wuri ya yi fari, alkama ta ƙi, sai ciyawar banza. Iyalan Kruger ne suka fara ɗaure kaya. A Disambar shekarar, da aka kunna, gidansu ya kama tare da na kowa, sai wata yarinya ta ce da ƙarfi, “Mama, wa ke cikin gidan su Kruger?” Washegari Merv ya kwance ƙwan gidan, ya murɗe takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin taba ya cusa a gurbin don wuta ta wuce, ya jefa ƙwan a gwangwanin alewa.

Ya ce, “Ba a kunna wa kango fitila.”

Magana ce ta fita sau ɗaya, ta zama doka. In akwai mai kwana a gida, ko da ɓarawo ne, yana da fitila. In babu, gidan na nan a kan tebur, amma duhu. Sai dai wuta ba ta san an yi ƙaura ba. Rabon wanda ya tafi kan waɗanda suka rage yake komawa, su ƙara haske, su ƙara zafi, su mutu da wuri. Don haka duk gidan da ya mutu sai Merv ya murɗe maɓallin akwati baya kaɗan. Ƙwayayen waɗanda suka tafi kuwa su ne canjin na waɗanda suka zauna, don irinsu masu murɗi an daina kawo su kanti tun tuni.

Aka rufe makaranta. Jirgi ya daina tsayawa, daga baya ya daina wucewa ma. Aka sallami Merv daga rumbu da agogon bango da musafaha. Fasto ya koma zuwa sau ɗaya a wata, sannan sai in an yi mutuwa. Shi kuwa Merv yana ta murɗe takardar taba, ga shi ba ya shan taba, sai ya roƙa wajen abokinsa Clarrie.

Clarrie Nitschke mai askin tumaki ne, bayansa ya lanƙwashe kamar lauje, bakinsa kuwa bai taɓa lanƙwashewa ba. Tun suna yara suke tare, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Duk shekara sai Clarrie ya sunkuya kan tebur ya ce, “Kai tsoho, bayan-gidana ka manna min a jikin kicin. So kake a ce ni ƙazami ne?”

“Yadda na gani na gina.”

“Kuma fitilata ta fi taka haske, ka lura?”

“Gidan da ba kaya ai dole ya yi haske.”

Inda dokar nan ta nuna haƙoranta shi ne kan Dot Menzel. Dot ce ke kaɗa molon coci tun kafin a haifi rabinmu. Ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu, aka kai ta gidan kula da tsofaffi a wani gari mai nisa. Kafin Disamba ta sa aka kira mata Merv a waya.

“Merv, ɗan nan, ka bar min fitilata bana. Zan dawo, likita ya ce da sauƙi.”

“In kin dawo, Goggo, da hannuna zan mayar miki.”

“Labulena na nan a rataye. Tukwanena na nan.”

“Tukunya ba ta kwana, Goggo.”

Can ta ce, “To shi ke nan. Allah ya kai mu naka.”

Glenys ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, ta ce zuciyarsa da dutsen niƙa uwarsu ɗaya. Ya ce in ya bar wa Dot, me zai ce da Kruger? Dot ba ta dawo ba. Ƙwanta ya yi shekara biyu yana ci a mashaya, ita da ko ƙofar wurin ba ta taɓa takawa ba.

Glenys ma ta rasu, ciwon ciki, cikin hunturu. Gidansu bai mutu a kan tebur ba tunda shi yana ciki. A bazarar ya ɗauki bokitinta ya je tafki da kansa. Bai iya barbaɗawa ba, ya tula gishiri a wani wuri, wani wuri ba komai, kowa ya gani, ba wanda ya ce uffan, har Clarrie.

Bayan haka ne maɓallin akwati ya kai ƙarshe. Ya murɗa baya, ya ƙi tafiya. Daga ranar duk gidan da ya mutu, nauyinsa kan sauran yake sauka kai tsaye. Mutane kuwa sai yabo. “Kai Merv, bana ya fi bara haske!” Ya ce haka ne. Gwangwanin alewa yana ta sauƙi a hannu.

Mijin Raelene mutumin kirki ne, ya san wuta, kuma gaskiya ya faɗa. Ya leƙa ƙarƙashin tebur ya ce, “Baba, abin ai mai sauƙi ne. Ko dai in kawo maka sababbin fitilu masu batir, kowace da kanta, ko kuma ka bar ƙwayaye biyu uku suna ci a nan ƙasa inda ba a gani, su ɗauke wa na sama nauyi.”

Merv ya dube shi sama da ƙasa. “Waɗanda suka tafi kana ganin suna ƙarƙashin tebur suna ɗauke mana nauyi?”

“Ba haka nake nufi ba, Baba.”

“Masu batir kuma, kowace da kanta. Ai wannan garinku ne, ba namu ba.”

Yaron ya goge hannu ya fita duba tayar mota. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, sai a riƙe masa ƙota.

Sai ga faɗuwar tsani. Merv ya hau share ganye daga indararo kafin lokacin gobara, tsani ya zame, ya kwanta a bayan tanki tun hantsi, rana na gasa shi, tururuwa na bin wuyansa, har Clarrie ya zo aron zarto ya tsince shi. Ba abin da ya karye sai haƙarƙari biyu. Amma Raelene ta iso a daren da fuska kamar hadari. Ta riga ta gyara ɗaki a bayan gidanta a Adelaide, da banɗakinsa mai ƙarfen dafawa, da 'yar baranda.

A kicin aka yi ta, gaban Clarrie da Bev Obst, maƙwabciyarsa ta tsallaken titi, wadda ta kawo miya ta kuma ƙi tafiya don kada a yi ba ita.

“Baba, da Kawu Clarrie bai zo ba fa?”

“Ai ya zo. Bai taɓa sayen zarto ba, ina za shi?”

“Likita na da nisa, kanti babu, kai kaɗai a gida. Me ka ajiye a nan?”

“Uwarki na bayan coci. Garina na falo.”

“Kwali ne, Baba! Kwali da gwangwani!”

Nan ya buga tebur, haƙarƙari ya amsa, ya yamutsa fuska. “To ji nan. Shekarar da na danna makunni garin nan ya ƙi kamawa, ki zo da kwalayenki ki kwashe ni, ba zan ce miki ƙala ba. Amma muddin yana kamawa, kada ki ƙara yi min zancen ɗakin bayan gidanki. Ni ba kare ba ne.”

Raelene 'yar ubanta ce. Ta juya ta ce, “Goggo Bev, Kawu Clarrie, kun dai ji shi.”

Clarrie ya ce, “Ni kunnena ɗaya ne ke aiki, amma shi ya ji.”

Shekara biyu garin ya kama. A lokacin gida shida suka rage masu fitila: na Merv, na Clarrie, na Bev, mashaya inda mai ita ke kwana a sama, gidan wasu 'yan'uwa biyu masu kiwon tumaki, da na wani baƙo mai gemu da ya zo daga birni ya sayi tsohon gidan waya, ba ya gaida kowa, ba wanda ya san abin da yake ci. Merv ya tsane shi, amma yana kwana a gidan, doka ta ba shi fitila. A Disamba ta biyu ƙwan Bev ya ƙone ana cikin kallo, Merv ya sa na ƙarshe da ke cikin gwangwani. Ya girgiza gwangwanin a kunne, shiru.

Cikin Nuwamban da ya biyo, aka tarar da Clarrie zaune a cikin a-kori-kurarsa a bakin ƙofar gonarsa, hula a fuska, kamar mai jiran wani ya zo ya buɗe masa. An binne shi ranar da zafi ya sa furannin kan akwatin gawa suka yi laushi kafin fasto ya gama. Merv ya riƙe igiya ɗaya ta sauke shi kabari, bai yi kuka ba. Da aka dawo cin burodi da shayi a mashaya, sai ya ce wa mai mashaya, “Ya tafi da zartona.”

Bev ba ta san wuta ba, amma ta san Merv, ta kuma ga yadda ƙwayayen nan ke ci fari kamar za su fashe. Ana saura kwana kaɗan Disamba ta tsallaka titi, ta same shi a falo tsaye kan gidan Clarrie, ya ɗage rufin, hannunsa a aljihu.

“In ka cire nasa, sauran za su ɗauka?”

“Wataƙila.”

“Kai, ni za ka yi wa wataƙila? Za su ɗauka ko ba za su ɗauka ba?”

“Ba na jin za su ɗauka.”

“To bar shi mana! Wa zai kai ka ƙara? Mu nawa ne?”

“Ba kowa a gidan, Bev.”

“Akwai kyanwarsa. Kullum ni ke kai mata abinci, ta ƙi barin gidan, a kan gadonsa take kwana. Ka ce mai kwana. Ba ka ce mai biyan haraji ba.”

Har ya so ya yi dariya. “Kyanwa.”

“Ta fi mai gemu hankali, ta fi shi gaisuwa. Merv, bana kaɗai. Mutumin nan ko kabarinsa bai kwanta ba. Shi da kansa da yana nan cewa zai yi ka bar masa, ya ga yadda za ka yi da bakinka.”

“Dot ma bana kaɗai ta ce.”

“Dot ta mutu, Kruger sun manta da sunanka. Kai ne dai za a kwasa a kai bayan gidan Raelene a ajiye kamar tsohon keke. Taurin kai ba addini ba ne.”

Ya dubi gidan Dot a kan tebur. Sannan ya ce, “Tana kuka a wayar, Bev. Ban taɓa gaya wa Glenys ba. Ina ji tana kuka na ce mata tukunya ba ta kwana. Yanzu don abin ya zo kaina sai in ce kyanwa na kwana?”

Bev ta ce, “Allah ya shirye ka,” ta fita ta bugo ƙofa har gishiri ya zubo daga rufin coci.

Da la'asar ta hango shi ya shiga a-kori-kurar Clarrie yana lalube. Kwalin taba ya samo a gaban mota, saura kara uku a ciki. Ya zare takardar mai ƙyalli don gurbin gidan Clarrie.

Ranar ɗaya ga Disamba Raelene ta iso da azahar, ita kaɗai, ta ajiye mota a inuwar tanki. Ta kawo naman rago mai sanyi da kek irin wanda uwarta ke yi, bai kai na uwar ba, Merv ya ci yanka biyu ya ce ya kai. Ta taya shi rataya buhuna a taga. Ba ta yi zancen alkawarinsu ba, shi ma haka.

Falon da a dā sai an ɗora yara a kafaɗa, ranar mutum biyar ne a ciki: Merv, Raelene, Bev, mai mashaya, da ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan, ɗayan yana wajen tumaki. An aika wa mai gemu, bai zo ba. Aka rufe ƙofa. Duhu ya sauka da warin gashin tumaki, ƙuda ɗaya na ta bugun buhu yana neman hanya.

Mai mashaya ya ce, “To Merv, a yi a gama, giya na ɗumi.”

Aka ji shi yana lalube a gefen tebur. Aka ji ya tsaya. Bev ta rantse ta ji yana cewa wani abu ƙasa-ƙasa, ba ta san ko addu'a ba ce ko zagin Clarrie. Sai ƙas.

Wani irin haske ya tashi wanda ba a taɓa gani a falon nan ba, fari tas, gishiri ya ɗauka ya watsa. Gidaje biyar suka yi kamar an hura musu wuta a ciki, har kangayen duka suka fito, makaranta, tasha, gidan Kruger, gidan Dot da 'yar barandarsa, kowanne da inuwarsa. Bai kai a ja numfashi a sauke ba. Aka ji ɗan tas, kamar an taka ƙwaro, duhu ya dawo, da ƙaurin waya.

Ba wanda ya motsa. Sai muryar Raelene.

“Ya kama, Baba. Na gani da idona. Ya kama.”

Bev ta cafe, “Ni har ya kashe min ido. In wannan bai kama ba, me ne ne kamawa?”

“Ya kama, ya kama,” in ji mai mashaya. “A rubuta bana ta wuce.”

Suka ji takun Merv ya nufi taga, ya kama buhu ya fizge. Rana ta faɗo cikin falon gaba ɗaya. A hasken rana abin da ke kan tebur bai wuce abin da Raelene ta kira shi ba: kwalin da ya sha danshi ya bushe ya karkace, gwangwanaye masu tsatsa, gishirin da ya koma ruwan toka, da matattun ƙudaje a titin gari.

Ya ce, “Walƙiya ba wayewar gari ba ce.”

“Baba, akwai ƙwan Kawu Clarrie a gwangwani. Ka gwada mana.”

Ya ɗaga rufin mashaya ya duba, ya ɗaga na Bev, ya ɗaga nasa. Gilasan sun yi baƙi ƙirin. Ƙwai ɗaya ba ya rufe rami huɗu.

Ya mayar da rufin a hankali, ya dubi 'yarsa. “Kwalayen suna mota?”

Ta buɗe baki za ta ce a'a. Ba ta iya ƙarya ba, uwarta ma haka take. Sai hawaye.

“Suna but. Ban yi niyyar fito da su ba, Baba, wallahi. Cewa na yi ko da…”

“Kin yi daidai. Shigo da su kafin rana ta lanƙwasa su.”

Yanzu in ana ba da labarin a mashaya, masu son daɗin zance sukan ce ƙwan gidan Merv ne kaɗai ya ƙone. Ƙarya ne. Huɗu suka ƙone. Wanda ya tsira na mai gemu ne, wanda ko zuwa kallo bai yi ba.

Ba a ɗauki tebur ba, ɗakin Adelaide ko rabinsa ba zai ci ba. Gidan kuma ba mai saye, wa zai saya? Aka kwashe tufafi, da agogon bango, da hoton aure, da gidajen tangaran uku na kan kabad, Raelene ta ce tana so. Safiyar tafiya, mota a kunne a waje, Merv ya ce a ba shi minti ɗaya. Bev ta biyo shi da mabuɗin da ya bar mata, ta tsaya a ƙofar falo.

Ya ɗage rufin gidansa, ya kwance ƙonannen ƙwan. Ya zaro ragowar takardar tabar Clarrie daga aljihun riga, ya murɗe ta da kyau, ya cusa a gurbin, ya danna da babban yatsa.

Bev ta ce, “Kai kuwa don Allah, wutar me za ta wuce? Gari ya mutu.”

“Haka ake yi,” in ji shi. Ya mayar da rufin ya daidaita shi.

Kyanwar Clarrie ta bi Bev daga baya, da yunwa ta fi ƙarfin amana. 'Yan'uwan nan biyu sun sayar wa wani kamfani gonarsu sun koma bakin teku. Merv yakan kira Bev ranar Lahadi bayan cin abincin rana. Ba ya tambayar gidansa, ba ya tambayar tebur, ita ma ba ta gaya masa cewa ɓeraye sun cinye makaranta da rabin coci ba. Ya ce ɗakin ba laifi, akwai fanka. Ya ce surukinsa ya zagaye barandar da fitilu masu batir, ja da kore, suna ƙiftawa kamar masu ciwon ido, kuma ba sa mutuwa.

Kafin ya ajiye yakan ce, “Saura ku nawa?”

“Uku.”

“Mai gemu na nan?”

“Yana nan.”

“Ya fara gaisuwa?”

“Ina fa.”

“To,” in ji Merv. Sai ta ji yana numfashi a wayar, can kuma ya ajiye.